Igiya a Hannun Riga: Me Ɗan Birged Ya Kamata Ya Iya Kafin a Ƙara Masa Girma?

A ikkilisiyoyinmu na Suleja da kewaye, daga Chaza zuwa Kwamba, Maje da Madalla, da wuya a sami ranar da iyaye ke cika majami'a da fara'a kamar ranar da ake ƙara wa 'yan Birged girma. Ganga na tashi, begila na amsawa, kayan yara sun sha guga, ƙafa na sauka a lokaci ɗaya. Kyaftin ya kira suna, a ɗaura wa wannan igiya ɗaya ya zama las kofur, wancan igiya biyu ya zama kofur, wani kuma uku ya zama saje. Matan Zumunta su rangaɗa guɗa. Abu ne mai kyau, ba kuwa wanda zai hana shi.

Amma darasinmu na wannan fitowa yana so ya tsaya a kan tambaya ɗaya. Igiyar nan da aka ɗaura a hannun rigar yaro, shaidar me ce? Idan ƙaramin yaro ya zame cikin rafi ranar fita daji, ko maciji ya sari wata yarinya a bayan tanti, sauran yaran mai igiya za su duba, gama an gaya musu shi ne babba. Iyayen da suka yarda ɗansu ya tafi zango su ma a kan igiyar nan suka dogara, ko sun sani ko ba su sani ba. Saboda haka ƙarin girma alkawari ne da ƙungiya ta yi wa iyaye cewa wannan yaro ya iya abin da zai tsare rai. Idan fareti da haddar amsoshi kaɗai aka gwada shi a kai, an yi alkawarin da ba a shirya cikawa ba.

Daga ina aka faro

William Alexander Smith, malamin makarantar Lahadi kuma hafsa a rundunar sojan sa-kai, shi ya kafa ƙungiyar Boys' Brigade a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan ranar 4 ga Oktoba 1883. Da fareti ya fara, domin ya shawo kan yaran da suka gagari malamansu. Bai tsaya nan ba. A 1886 ya kai su zangonsu na farko a bakin teku, a wani gari mai suna Tighnabruaich, koyar da taimakon farko kuma ya shiga aikin ƙungiyar tun shekarunta na fari. Shi ne kuma ya ƙarfafa Janar Robert Baden-Powell ya sake rubuta littafinsa na horar da soja yadda zai dace da yara. Sa'ad da Baden-Powell ya gwada tsarinsa a tsibirin Brownsea a Ingila cikin Agusta 1907, waɗansu daga cikin yaran da ya tafi da su 'yan Birged ne. Daga wannan gwaji ƙungiyar Sikawut ta fito. Birged ta iso Legas a 1908, Sikawut ta iso Najeriya a 1915. Ta 'yan mata kuwa ta samo asali a birnin Dublin tun 1893.

Mun kawo wannan tarihi ne domin mai karatu ya ga cewa sanin daji da taimakon farko gadon gida ne a Birged. Sai dai littattafan da muka gada an rubuta su ne domin yaran ƙasar sanyi. Yaron Chaza ba zai gamu da ƙanƙarar da ke rufe tafki ba. Abin da zai gamu da shi shi ne rafin da ke cika cikin minti kaɗan, da kububuwa a ƙarƙashin karan dawa, da tankar fetur da ta kife a bakin titi. A kan waɗannan ya kamata a gwada shi.

Darasi na fari: tsayawa

Kafin kowane ƙulli da kowane bandeji, akwai abu ɗaya da ya fi wuyar koya wa saurayi mai jini a jika, wato ya tsaya ya duba kafin ya ruga. Masu aikin ceto ko'ina a duniya da wannan suke farawa: abin da ya kayar da mutumin nan yana nan har yanzu? Wayar lantarki ce ta faɗo? Motoci na wucewa? Macijin na kusa? Mai ceton da ya faɗa cikin hatsari ya mai da mutum ɗaya biyu, ya kuma raba hankalin masu taimako. Bayan ya duba, sai ya ba wani takamaiman aiki da suna: kai, je ka kira hafsa, ke, buga 112, lambar gaggawa ta ƙasa, idan hatsarin mota ne, 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra. Idan aka ce "wani ya kira taimako", kowa zai ɗauka wani ya kira.

Ruwa

A nan za mu daɗe, gama a nan ne Suleja ta fi shan hawaye. Garin yana cikin duwatsu, kogin Iku da ƙananan rafuffuka suna ratsa shi, gidaje kuwa sun matso har bakin ruwa. Ruwan da ya sauka a kan dutse ba ya nutsewa cikin ƙasa, gangarowa yake yi gaba ɗaya. Shi ya sa rafin da yaro ya tsallake da safe ruwa iya idon sawu zai iya kai masa wuya da la'asar, ko da ɗigo ɗaya bai sauka a inda yake tsaye ba. A can sama aka yi ruwan. Ambaliyar watan Yuli 2017 ta ci rayuka a Suleja, ta rushe gidaje. Ta Mokwa a ƙarshen Mayu 2025 ta ci fiye da mutum 150 a jiharmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ruwa ya ci a duniya a 2021, yara da matasa kuma suna da babban kaso a ciki.

Kofur ya kamata ya san alamun rafin da ke tasowa: ruwa ya sauya launi ya yi ja, ganyaye da karare sun fara biyo shi, ƙararsa ta ƙaru. Idan ya ga haka, kowa ya hau tudu nan take, ko da an bar takalma da tukunya. Ya san kuma cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, balle yaro ɗan shekara 9. Bakin kwalbati da babbar kwata sun fi ko'ina mugunta lokacin ruwa, domin abin da suka ja ciki ba sa sakewa.

Ga wani abu da yawancin manya ma ba su sani ba. Wanda ruwa ke ci sau da yawa ba ya ihu. Bakinsa na shiga ruwa yana fita, numfashin da zai yi kira da shi babu, hannuwansa na dukan ruwa a gefe, kansa a ɗage baya. Daga nesa sai a ce wasa yake. Cikin minti ɗaya yana iya ɓacewa. Don haka duk inda yara suka kusanci ruwa, a sa mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai kallo da ƙirga kawuna, kowane yaro kuma ya sami abokin da ba za su rabu ba.

Idan wani ya faɗa, tsarin shi ne a miƙa, in bai kai ba a jefa. A kwanta rub da ciki a bakin ruwa domin kada a jawo mai ceto, a miƙa gora ko reshe ko riga. In ya yi nisa, a jefa igiya, ko jarka marar komai a ciki da murfinta a rufe tam. Jarkar lita 20 tana riƙe babban mutum a saman ruwa, kuma babu gidan da ba ta. Shiga ruwa aikin wanda aka horar ne musamman, gama mai nutsewa yana damƙe duk abin da ya taɓa da ƙarfin da ba a zato, ya danna shi ƙasa. Sau nawa muka ji an ce wa da ƙane ruwa ya ci tare? Galibi ɗayan ya shiga ceto ne.

Idan an fito da shi ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci ana juya shi ana matsa ciki wai a fitar da ruwa. Iska yake bukata. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hanci a hura masa numfashi ta baki, sa'an nan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 da sauri, kamar sau 100 zuwa 120 a minti, a sake hura sau 2, a ci gaba haka har ya farfaɗo ko ma'aikacin lafiya ya karɓa. Wannan ba a koyonsa daga takarda, har da wannan da kuke karantawa. Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya tana da reshe a kowace jiha, tana kuma koyar da shi a kan mutum-mutumin roba. Bataliya ɗaya za ta iya haɗa kuɗi ta gayyato masu koyarwa ranar Asabar guda.  Wanda ya farfaɗo kuma tilas a kai shi asibiti ko da ya ce ya warke, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da matsala bayan sa'o'i.

Masu kai yara yawon buɗe ido faɗuwar ruwa ta Gurara, a hanyar Minna, su lura cewa wurin da rani daban, da damina daban. Da damina kallo daga nesa ya isa. Kududdufi da ruwan da ke kwance kuma, ban da zurfin da ba a gani, suna ɗauke da tsargiya. Yaron da ya dawo zango ya fara fitsari da jini bayan makonni, a kai shi asibiti a faɗa wa likita inda ya yi wanka.

Maciji

Macijin da ya fi kashe mutane a yankin tsakiya da arewacin Najeriya shi ne kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe da nisa. Ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye. Dafinta yana hana jini daskarewa. Wanda ta sara yana iya tafiya da ƙafarsa yana hira, kowa ya ce abin ya zo da sauƙi, sai daga baya dasashi ya fara zubar da jini, tsohon miki ya buɗe, jini ya tsiyaya a cikin jiki inda ido ba ya gani. Sara ya fi yawa lokacin shuka da lokacin girbi. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna wajen jinyar irin wannan sara, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2017 ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, tana ƙiyasta cewa yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara.

Abin da za a yi kaɗan ne, abin da za a bari shi ne mai yawa, shi ne kuma mai wuya, domin a nan ne yaro zai yi gardama da manya. Kada a ɗaure ƙafa tamau da igiya ko roba; ɗaurin ba ya tsai da dafi, yana kashe naman da ke ƙasa da shi, har ya kai ga yanke ƙafa. Kada a tsaga wurin da reza, gama mutumin da jininsa ba ya daskarewa tsaga na iya ƙarasa shi. Kada a tsotsa. Baƙin dutsen nan da aka daɗe ana ajiyewa a gidaje, har da ɗakunan shan magani na mishan a dā, gwaje-gwaje sun nuna ba ya zuƙe dafi. Mun san akwai dattawan da za su ce sun ga ya yi aiki. Amsar ita ce ba kowane sara ne ke zuba dafi ba, ba kowane maciji ne kuma mai dafi ba; waɗanda suka warke da dutsen da ma za su warke.

Ga abin da saje zai yi. Ya janye wanda aka sara daga wurin, ya kwantar masa da hankali, ya cire zobe, agogo, awarwaro da takalmi kafin kumburi ya zo. Ya sa kara ko katako ya tallafi ƙafar ko hannun yadda ba zai motsa ba, kamar yadda ake wa karaya, da ɗauri sako-sako. Ya duba agogo ya riƙe lokacin da abin ya faru. A ɗauke shi, kada ya taka, a kai shi asibiti kai tsaye ba tare da biyawa ta gidan mai magani ba. Idan zafi ya yi yawa a ba shi farasitamol. Asfirin da danginsa suna ƙara zubar jini. Kada a tsaya farautar macijin; in an iya ɗaukar hotonsa da waya daga nesa, ya isa. Akwai cikin dangin gamsheƙa mai fesa dafi a ido; maganin farko shi ne a wanke idon da ruwa mai yawa, a daɗe ana wankewa, sa'an nan asibiti.

Allurar kashe dafi ita kaɗai ce magani, ba kowane asibiti ne kuma ke da ita a kowane lokaci ba. Aikin kyaftin ne ya bincika tun kafin ranar tafiya wane asibiti ne ke da ita, da motar da za ta kai mutum can da tsakar dare. Yara kuwa a koya musu sa takalmi mai rufi, riƙe tocila da dare, kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, da tura tarin itace da sanda kafin a sa hannu.

Wuta da fetur

Ranar 18 ga Janairu 2025 wata tankar fetur ta kife a mararrabar Dikko, kusa da Suleja. Mutane suka taru, waɗansu suna kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 80 suka mutu. Watanni uku kafin nan, a Majiya ta jihar Jigawa, irin wannan ta ci fiye da 150. Da yawa cikinsu matasa ne, waɗansu kuwa kallo kawai suka je. Kowane ɗan Birged, har na ajin ƙanana, ya kamata ya iya bayyana dalili. Tururin fetur shi ke kamawa. Ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, yana gangarawa cikin kwata ya yi nisa inda ido ba ya ganinsa. Tartsatsi ɗaya daga janareto, ko babur, ko bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta, ya isa. Wanda ya ji warin fetur ya riga ya shiga cikin hatsarin. Sai ya bar wurin, ya nufi tudu da inda iska ke fitowa, ya ja ƙannensa. Mun san matsin rayuwa ne ke kai mutane can da jarka, ba kuwa muna zagin matattu ba. Amma yaron da ya fahimci yadda abin ke aiki yana iya riƙe hannun yayansa.

Idan tufafi suka kama wuta, gudu yana hura ta. A faɗi ƙasa a yi birgima, ko a lulluɓe mutum da bargo. Ƙuna kuwa maganinta na farko ruwa ne mai sanyi, a yi ta zubawa har minti 20. Ɗanyen ƙwai, man goge baki, manja, gishiri, duka suna riƙe zafi ko su kawo ƙwayoyin cuta, likita kuma sai ya kankare su kafin ya fara aiki. Bayan ruwa a rufe da tsabtataccen ƙyalle marar gashi, kada a fasa bororo. Haka ma yanka: a danna da tsabtataccen ƙyalle minti 10 ba ɗagawa, ban da ƙasa, ban da man birki, a kuma tambaya ko yaron ya yi allurar rigakafin sarƙewar haƙora.

Murhun zango a share ciyawa kewaye da shi taku uku, a ajiye bokitin ruwa kusa, musamman da hunturu sa'ad da ciyawa ta bushe, gonakin mutane kuma na cike da amfanin da ba a kwashe ba. Wuta ba ta mutu ba sai an iya taɓa tokar da hannu.

Tsawa

Farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, hadari kan taso da sauri. Sauti yana cin kilomita 1 cikin daƙiƙa 3, don haka yaro zai iya ƙirgawa tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa. In bai kai 30 ba, hadarin ya matso. A sauka daga kan dutse, a bar fili da gindin itace mai tsayi shi kaɗai, a shiga ginin kirki ko mota, a jira minti 30 bayan ƙara ta ƙarshe. Tanti ba mafaka ba ne. Wanda tsawa ta faɗa wa ba ya riƙe lantarki a jikinsa, ana iya taɓa shi nan take a taimake shi. Tsoron taɓawa ya sa an bar waɗanda da sun rayu.

Sanin hanya

Mutanen Suleja sun yi sa'a, gama Dutsen Zuma ana hango shi daga wurare da yawa, yaro kuma zai iya koyon daidaita taswira da shi. Amma hazon hunturu na ɓoye shi, waya kuma caji na ƙarewa. Kamfas da taswira su ne asali, sa'an nan rana. A nan akwai wani kuskure da ake kwafowa daga littattafan Turai, inda aka rubuta cewa inuwar tsakar rana kullum arewa take nunawa. A Ingila haka ne. Suleja kuwa tana kusan digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, don haka daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana bi ta arewa da mu, inuwar tsakar rana kuma kudu take nunawa. Hanyar da ba ta ruɗi ita ce a kafa sanda a fili, a sa dutse a ƙarshen inuwarta, a jira minti 15 ko 20, a sa wani dutse a sabon ƙarshen. Dutsen farko yana yamma, na biyu yana gabas. Tauraron arewa ma da littattafan ke yabo a nan yana can ƙasa kusa da doron ƙasa, tudu ko ƙura na rufe shi.

Wanda ya ɓata ya tsaya inda yake, ya busa usur sau 3, ya saurara, ya sake. Usur ya fi murya nisa, ba ya kuma dushewa. Kowane yaro ya rataya nasa.

Igiyar gaske

Littattafai na jera ƙulli iri-iri, amma huɗu sun isa idan hannu ya san su cikin duhu: ƙullin bandeji da ke kwanciya lafiya ba ya danna rauni, ƙullin haɗa igiya biyu masu bambancin kauri, ƙullin ɗaure igiya a turke, da ƙullin ceto, wato zoben da ba ya matsewa komai nauyin da aka ja. Wannan na ƙarshe ya bambanta da zarge, wanda ke shaƙe abin da ya kama. Yaron da ya jefa wa mai nutsewa zarge ya ƙara masa wahala. Yawancin iyayenmu da suka tashi a ƙauye sun iya ɗaure dami, da akuya, da jinkar ɗaki. A kira su su koyar, ko da sunan da suke kiran ƙullin ya bambanta da na littafi.

Inda za a kafa zango

A tudu, nesa da bakin rafi da gindin tsohon itace. Masai a haƙa shi ƙasa da zango, nesa da inda ake ɗiban ruwa, aƙalla mita 30. Ruwan sha a tafasa shi ya yi minti 1 yana tafasa sosai. Abinci a rufe shi a mazubi mai murfi saboda ɓera, mai kawo zazzaɓin Lassa, wanda ya fi yaɗuwa da rani. Kowa da gidan sauronsa. Idan gudawa ta kama yaro, kofur ya iya haɗa ruwan gishiri da sukari ba tare da duba takarda ba: lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Akwai kuma maganar da ba mu so mu yi amma tilas. Bayan sace ɗalibai a Kagara da Tegina a 2021, ba mai hankalin da zai kai yara kwana cikin daji a jihar Neja don kawai littafi ya ce a yi. Kusan duk abin da muka lissafa ana iya koyonsa a harabar makaranta ko majami'a mai katanga, fita kuma a yi ta da rana, a wurin da aka sani, da sanin mai unguwa da 'yan sanda. A bar takarda a gida mai ɗauke da sunan kowane yaro, lambar iyayensa, da ciwon da yake da shi, kamar asma, sikila ko farfaɗiya. Kada kuma babba ɗaya ya keɓe da yaro ɗaya. Hafsoshi su zama biyu a kowane lokaci, 'yan mata kuma da hafsoshi mata.

Yadda za a gwada

Jarrabawar takarda tana nuna wanda ya iya karatu. Domin igiya, a gwada hannu. A kwantar da wani yaro a ce maciji ya sare shi, a sa wani dattijo ya zo da reza da tsumma yana cewa a ɗaure a tsaga, a ga ko mai neman saje zai iya cewa "Baba, a yi haƙuri, ba haka aka koya mana ba" cikin ladabi, ya kuma ci gaba da aikinsa. A ja layi a ƙasa a ce nan ne bakin rafi, a ga ko zai jefa igiya ta kai mita 10 inda ake so, sau uku a jere. A ba shi ashana 2 ya hura wuta, ya kuma kashe ta. Mai gwadawa ya fito daga wani kamfani, domin hafsan da ya koyar yana da tausayin ɗalibinsa, kuma ya san iyayen. Wanda bai ci ba a gaya masa abin da ya rage, ya dawo bayan wata guda, ko ɗan fasto ne ko ɗan dattijo. Saje kuma kada a ba shi igiya ta uku sai an gan shi ya koya wa ƙananan abin da ya iya.

Ku iyaye, naku aikin na wannan wata uku ga shi. Wata ranar Lahadi da yamma ku ce wa ɗanku ko 'yarku ya nuna muku ƙullin ceto a kan ƙugunku, ku ja da ƙarfi ku gani ko zai matse. Ku tambaye shi abin da zai yi idan kububuwa ta sari ƙanwarsa a gona, ku saurara ko zai ambaci ɗauri. Sa'an nan ku bi hanyar da yake bi zuwa makaranta tare da shi, ku ƙirga rafi da kwalbati nawa yake tsallakewa, ku yanke shawara tun yanzu gidan wa zai fake idan ruwa ya tare shi a wancan ƙetare.